Na Saci Sawun Maigidana a Kumasi

Da sunan Allah, wanda ya san inda kowace ƙafa za ta taka tun kafin ta koyi tsayuwa. Sunana Illa, mutumin Adar, ɗan gidan dukawa. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ina da halaye biyu da ba na alfahari da su: saurin baki da son ganin ƙwaƙwaf. Mai karatu zai ga inda suka kai ni.

A bayan motar albasa na shigo Gana. Ban san ƙasar tana da tsawo haka ba. Muna ta gangarowa kudu, itatuwa na ƙara tsayi, ƙasa na ƙara ja, warin albasa ya kama rigata har ya zama kamar nawa ne. A Tachiman motar ta tsaya gyaran taya. Nan wani mutum mai farar hula ya zauna kusa da ni wurin mai shayi, ya gaishe ni da Hausa mai daɗi. Na kwana biyu ban ji wanda ya tambaye ni mutanen gida ba, sai bakina ya buɗe. Na gaya masa ni baduku ne, na ce a garinmu babu wanda ya kama ƙafata wajen ɗinkin takalmi. Ƙarya ce, yayana ya fi ni nesa ba kusa ba. Ya ce ai Allah ne ya haɗa mu, akwai wani mai kamfanin takalmi a bayan tasha yana neman irina ido rufe. Ya ce in ba shi jakar kayan aikina da takalmin da ke ƙafata ya kai masa ya gani, kada in wahala cikin rana. Na cire na ba shi. Basillar mahaifina na cikin jakar, da wuƙar yankan fata wadda ƙotarta ta lotsa daidai babban yatsansa.

Na zauna kan benci ƙafa ba takalmi har aka gama gyaran taya. Direbanmu, Allah ya saka masa da alheri, bai yi mini dariya ba sai da muka bar garin. Shi ya ba ni silifas ɗinsa na wanka, irin wanda a nan ake kira calewate. Haka ɗan dukawa ya shiga Kumasi, birnin masu takalmi, da silifas ɗin aro, ɗaya an ɗaure hancinsa da waya.

A kasuwar albasa direban ya damƙa ni hannun Baba Salifu. A Zango, wato unguwannin baƙi 'yan arewa, maigida shi ne wanda baƙo ke sauka a hannunsa, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa in ya shiga rigima. Baba Salifu ne maigidan mutanenmu na Adar a unguwar Akwatiya Layin. Dogo ne, mai ƙarancin magana, ya zo Kumasi tun yana saurayi kuma bai taɓa komawa ba. Ya tambayi sunan ƙauyenmu, na faɗa. Ya tambayi wata rijiya da ke kan hanyar kasuwa, ko har yanzu tana da ruwa. Na ce ta rufta tun ban yi wayo ba. Ya ce, "Taho, akwai tabarma."

Baduku ƙafa yake fara kallo kafin fuska. Na lura takalmin roba sau-ciki yake sawa, da safa, duk zafin garin, kuma yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Na kuma lura da wani abu. In ya gama alwala a tsakar gida, taku ɗaya ne tsakanin dutsen da yake zama da takalminsa, kuma da zarar ya sa takalmin sai ya juyo ya kwara sauran ruwan buta a kan jiƙaƙƙen sawun da ya bari a siminti. Kullum haka. Na ɗauka tsabta ce.

Matarsa, Mma Adisa, haifaffiyar Zango ce, koko da ƙosai take sayarwa a bakin layi. Hausarta irin ta nan ce: mace da namiji duk "ya" ne, ƙafa "kafa" ce, ga Turanci da yaren Asante a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Ni kuwa da na zo ba ko takalmi, abin taƙamar da ya rage mini Hausata ce. Wata rana ina kwaikwayonta a gaban abokan kwanana, ina cewa "mata na ya tafi kasuwa", ashe tana bayan taga. Kashegari na je da kofina kaina a sunkuye. Ta cika shi, ta ƙara mini ƙosai a kan na kullum, ta ce, "Mai Hausa mai kyau, ci. Ciki ba ya jin Hausa."

Na gwada dako, buhun albasa ya fi ƙarfina. Mma Adisa ce ta ga yadda nake tafiya a karkace da yamma, ta yi wa 'yar ƙanenta magana. Sunanta Memuna, ta yi jami'a, tana aiki a wani shagon takalmi a Oforikrom, kusa da hanyar Akra. Shagon na Masta Kofi ne, mutumin Asante, mai ƙaton ciki da Hausar kasuwa. Ba takalmin kwalliya suke yi ba. Asibiti ke aiko musu mutane: masu ciwon suga, waɗanda aka haifa da ƙafa a karkace, tsofaffin 'yan kasuwa da tsayuwa ta cinye wa diddige. Masta ya ba ni guntun fata da allura, ya kalli ɗinkina, ya ce in zo gobe. Wannan karon ban ce na fi kowa ba.

A ƙuryar shagon akwai ɗan ɗaki mai fanka, nan Memuna ke zama. Ranar da na fara aiki ta kira ni ciki. A ƙasa akwai wata baƙar shimfiɗa mai tauri, ba ta kai dardumar salla ba, da waya ta fito daga jikinta ta shiga kwamfuta. Gefenta kuma akwati ne mai murfin gilashi.

Ta ce, "Bra Illa, cire takalmi. Zan ɗauki sawunka."

Na ja da baya. Ita ba ta san abin da ta faɗa ba, a nan aka haife ta. A wurinmu ba a ɗaukar sawun mutum don alheri. In aka ce an ɗauki sawun wane, ana nufin wani ya bi bayansa ya ɗebi ƙasar da ya taka ya kai wa boka. Da ita ake wa mutum sammu, da ita ake masa kurciya, wato asirin da ke sa mutum ya bar garinsu ya shiga duniya, ya kasa komawa har ya mutu. Na san malamai sun hana mu gaskata irin wannan, kuma da baki ni ma na ce ban yarda ba. Amma na tsaya a bakin ƙofa kamar jakin da ya ga gada.

Masta Kofi ya leƙo ya ce, "Aboki, mashin ba ya cizo."

Kunya ta fi tsoro ƙarfi. Na karanta abin da zan karanta a zuci, na ɗaga ƙafar dama. Memuna ta ce da hagu ake farawa, haka na'urar ke tambaya. Na ce ni ban iya shiga sabon wuri da hagu ba. Ta yi dariya ta ce duk mutanen Zango haka suke mata, ta danna wani abu, ta ce to bismilla. Na tsaya kan gilashi wani haske ya wuce ƙarƙashina, sannan ta sa na yi tafiya na ratsa ta kan shimfiɗar, na dawo, na sake ratsawa.

Sai ga tafin ƙafafuna a allon kwamfuta, da launi kamar zanen atamfa. Inda nauyina bai danna sosai ba shuɗi ne, inda ya danna rawaya, inda ya fi yawa ja. Ban taɓa ganin ƙarƙashin ƙafata biyu a jere ba. Kafin in gama kallo, layuka sun fito da kansu sun auna tsawo, sun auna faɗi, sun auna ramin nan na tsakiyar tafin ƙafa da karkatar babban yatsa. Mahaifina da tsinken kaba yake aunawa, ya karya shi daidai tsawon ƙafar mutum ya soka a hula. Wannan kuwa tana auna abin da ido ba ya gani, wato nauyi.

Memuna ta ce, "Kwamfuta ya ce kafan hagun ka yana gudun diddige. Ka taɓa jin ciwo a nan?"

Na ce a'a. Sai da na koma kan ɗinki na tuna. Ina yaro wurin kiwon awaki ƙayar aduwa ta shige mini diddige, innarmu ta cire ta da allura mai zafi ina ihu. Na manta, ƙafar ba ta manta ba. Ranar ban yi aikin kirki ba, tunanin inna ya hana ni, ga kuma tambayoyi sun cika mini kai.

Daga nan na zama ƙarfen ƙafa a ɗakin Memuna. Wa ya gaya wa na'urar? Ta yaya ta sani? Memuna ta ce an nuna wa kwamfutar sawun mutane masu ɗimbin yawa, kowanne da bayanin likita, har ta koyi rarrabewa da kanta: wannan tsakiyarsa ta faɗi, wannan ramin ya yi zurfi, wannan wurin in ba a ɗauke masa nauyi ba zai fashe. In ta gama sai ta zana yadda za a yanka shimfiɗar cikin takalmi, inda za a ɗaga da inda za a rage, mu kuma mu bi zanen da wuƙa. Tana kuskure ma. Bayan salla mata suka riƙa zuwa da baƙin lalle a tafin ƙafa, gilashin ya rikice, ya riƙa cewa rabin ƙafar babu. Wannan ya faranta mini rai fiye da yadda ya kamata.

Ana cikin haka ɗingishin Baba Salifu ya ƙaru. Mma Adisa ce ta ga jini a safarsa wurin wanki. Ashe akwai ciwo a tsakiyar tafin ƙafarsa ta hagu, kuma bai ma san girmansa ba, don ƙafar ta daina jin zafi. A asibiti aka ce ciwon suga ne. Suka wanke, suka rufe, likita ya ce magani kaɗai ba zai rufe shi ba matuƙar yana taka wurin. Dole a yi masa takalmin da zai ɗauke nauyi daga kan ciwon. In ba haka ba zai ci gaba da ci, kuma ƙarshen irin wannan yanka ne.

Da yamma Memuna ta zo gidan, muna zaune a tsakar gida. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, abu mai sauƙi ne. Gobe ka zo shago mu ɗauki sawunka."

Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Sake faɗa."

Ta sake faɗa, tana murmushi.

Ya ce, "Memunatu, ke 'yata ce, shi ya sa zan yi kamar ban ji ba. In yanka ne a yanka. Gara in tafi kabari da ƙafa ɗaya da in bar sawuna a hannun mutane."

A hanya na yi mata bayanin abin da kalmar ke nufi a wurinmu. Ta riƙe baki. Ta koma ta ce masa awo ne kawai, ya ƙi. Na ce ya taka kwali in zagaye da fensir, ya ce duk kanwar ja ce. Na ɗinka masa takalmi da ido, na sa masa soso mai laushi ko'ina, ya sa shi don kada in ji kunya. Bai yi amfani ba. Soso ko'ina bai ɗauke nauyi daga ko'ina ba, ciwon ya ƙara faɗi.

Nan shaiɗan ya kawo mini shawara, na karɓa hannu biyu. Na taɓa jin Memuna na cewa kwamfuta na iya karanta hoton sawu. Na tuna takun nan ɗaya na bayan alwala. Na gaya wa kaina ceton ƙafarsa zan yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma in na ce ita kaɗai ce na yi ƙarya. Ina so in ga abin da na'urar za ta ce game da ƙafar da aka ɓoye mata.

Da azahar na riga shi fitowa. Na rage ruwan butarsa yadda ba zai yi saura ba, na ɗan janye takalminsa nesa da dutsen. Ya yi alwala yana zagaye filastar da ke kan ciwon, ya taka siminti, ya sa takalmi, ya karkata buta, babu ko ɗigo. Ya shiga ɗaki neman ruwa wurin Mma. Na yi wuf na durƙusa kan sawun da wayata.

Ban ji fitowarsa ba. Inuwarsa na gani ta rufe tawa.

Da ya zage ni da ya fi mini. Muryarsa a ƙasa ya ce, "Illa, me na yi maka?"

Na fara bayani, bakin nan nawa mai sauri ya kasa haɗa magana.

Ya ce, "Daga gida aka aiko ka? Har yanzu ba su haƙura ba?" Ya kwara ruwan a kan sawun, har ya jiƙa mini gwiwa. Ya ce, "Ɗauki jakarka."

Ba ni da jaka ma, tana Tachiman. A leda na zuba kayana.

Da na nuna wa Memuna hoton, ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce ba a sa sawun mutum a na'ura sai da yardarsa, wannan shi ne abu na farko da aka koya musu. Ta ce ko da an halatta, me zan samu a nan? Rabi ya bushe, rabi inuwar kaina ce, kuma ruwa a siminti ba ya nuna nauyi. Ta sa na goge shi a gabanta. Na sayar da mutuncina a kan abin da ba ya ko karantuwa.

Masta Kofi ya bar ni ina kwana a shago cikin warin gam. Damina ce, ruwan Kumasi kuwa ba ya gajiya, ba kamar namu da ake roƙo ba. Masta ya kawo mini zanen rufa, ya riƙa kirana cin sakwara, yana dariyar yadda nake tauna abin da su haɗiyewa suke yi. Kullum da safe Memuna kan ajiye mini koko a leda. Na san daga hannun da ya fito. Ban taɓa jin nisan gida kamar a kwanakin nan ba, don wanda ya kore ni shi kaɗai ne a garin ya san sunan rijiyarmu.

Wata ranar Asabar Mma Adisa ta zo da kanta, ta sauko daga motar hayar da a nan ake kira torotoro tana haki. Ta zauna kan kujerar masu gwajin takalmi ta ba ni labarin da ban sani ba. Baba ya bar gida ne bayan rigima da yayansa a kan wata gonar albasa. Yana fita gari wata tsohuwa ta tare shi ta ce ta ga an bi bayansa an ɗebi sawunsa. Tun daga nan duk sanda ya yi niyyar komawa sai wani abu ya gitta, ko ciniki, ko rashin lafiya, ko damina. Mahaifiyarsa ta rasu bai je ba. Yayan ma ya rasu bai je ba. Ya ce kurciya ce.

Ta ce, "Ni dai kurciyan da ya kawo shi wurina, Allah ya yi mishi albarka." Ta yi dariya, sannan ta goge ido da bakin mayafi. "Jiya likita ya ce in mun dawo kafan bai canja ba, za su kwantar da shi. Ka zo ka ba shi hakuri. Mu ba mu jin yaren tsoron shi. Kai kana ji."

Na same shi zaune a zaure, ƙafar a kan matashi. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi, har rage ruwan buta da janye takalmi. Na ce babu wanda ya aiko ni, wautata ce ta aiko ni, kuma hoton an goge. Ya daɗe yana kallon titi.

Can ya ce, "An ce kai ka hau abin."

Na ce na hau.

"Ga shi kuwa ba ka koma gida ba."

Na ce, "Baba, ni kuɗin mota ne ya riƙe ni."

Gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Me na'urar ta ce maka?"

Na ba shi labarin launuka, da layukan da ke auna kansu, da diddigen da ke gudun ƙasa, da ƙayar aduwa. Ya gyara zama. Ya tambaya ko na gaya wa yarinyar labarin ƙayar tun farko, na rantse ban gaya mata ba. Ya tambaya ko abin na magana da murya. Ya tambaya ko yana gane sawun mace da na namiji. Sai na gane ashe ciwona ne da shi, son sani, ya dai fi ni iya ɓoyewa.

Sannan ya rage murya ya ce, "In na'urar ta ga sawun mutum, tana iya gane ko an taɓa ɗiba?"

Amsar da za ta kai shi shago tana kan harshena. Na haɗiye ta. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ba na jin aikinta ke nan. Ka tambayi Memuna."

Ya ce, "Ka gaya mata ba ɗauka za ta yi ba. Aro zan ba ta. In ta gama ta dawo mini da abina."

Da babbar rigarsa ta Juma'a ya zo. Masta Kofi ya tashi ya ba shi kujera yana cewa, "Papa, akwaaba," wato barka da zuwa. Memuna ta yi masa alkawari: in takalmi ya kammala za ta buga masa sawun a takarda, ta goge na cikin kwamfuta yana kallo. Ya yi mata tambayarsa. Ta ce, "Baba, wannan nauyi kawai ya sani, da tsawo da faɗi. Bai san komai bayan haka ba." Ya ce ya ji. Ta shimfiɗa leda mai tsabta saboda ciwon, na riƙe masa hannu, ya yi bismilla ya ɗora ƙafar dama.

Da hoton ya fito ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa allo. Ya ce a sa nawa kusa da nasa. Nawa ga diddige, ga siririn gefe, ga gaba da yatsu, a tsakiya kuma gurbi kamar an gutsuri masa. Nasa na hagu kuwa a cike yake tun daga diddige har yatsu, kamar tafin raƙumi, da ja a tsakiya kamar garwashi.

Ya nuna nawa ya ce, "Wannan gurbin fa?"

Memuna ta ce, "Haka kafa yake, Baba. Tsakiya ba ya taɓa kasa."

"Nawa fa?"

"Naka ya sauka duka. Shi ya sa nauyi ya taru a nan, daidai kan ciwon. Nan za mu..."

"Ba shi na tambaye ki ba. Akwai inda ya ragu?"

Ta kalle ni, ta kalli allon. Ta ce, "Babu, Baba. Ko kaɗan. Naka ya fi na kowa cika."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan baduku, ashe kai aka ɗebe wa."

Aka fassara wa Masta, ya yi dariya har yana riƙe ciki. Baba ma ya yi, karo na farko da na ga haƙoransa. Sai dariyar ta tsaya masa a tsakiya. Ya mai da ido kan allon, ya ɗora yatsa a kan gilashin ya bi gefen sawun a hankali har ya zagaye shi. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Cikakke. To, ashe ni ne ban koma ba."

Fanka kaɗai ke juyawa.

Ni na yanka shimfiɗar cikin takalminsa. Na bi zanen kwamfuta ban ƙara ko rage dabarata ba: rami daidai ƙarƙashin ciwon, tudu a kewayensa don nauyi ya watsu, fata mai laushi, gaba mai faɗi. Da ya sa, Memuna ta zura wata siririyar shimfiɗa mai waya cikin takalmin ta sa shi tafiya, garwashin nan ya koma rawaya. Ta buga masa takardarsa, ta goge na ciki yana kallo, ya ninke ya sa a aljihu. A ranar ya ce in dawo tabarmata.

Ciwon bai rufe da wuri ba. Sai da damina ta wuce, da wanki a asibiti, da barin sukari a shayi wanda ya fi ba shi wuya. Amma likita ya daina maganar kwantarwa, daga baya ya daina maganar yanka.

Wata la'asar muna alwala tare. An cire filasta, sabuwar fata ce a wurin. Memuna ta hana shi taka ƙasa ba takalmi, amma takun nan ɗaya ya ƙi barinsa. Ya taka, ya goge ƙafar, ya sa takalmi, ya juyo ya ɗaga buta. Sai ya tsaya. Ya miƙo mini ita ya ce, "Ƙarasa alwalarka da wannan."

Muka tsaya muna kallon sawun yana bushewa a kan siminti, yatsu suka fara tafiya, sannan diddige.

Ya ce, "Direban nan da ya kawo ka, in zai koma arewa, gaban motarsa na da wuri? Ka tambaya mini. Ka ce mutum ɗaya ne."

Daga bakin murhu Mma Adisa ta ce, "Biyu. Ban yarda wani kurciya ya riƙe mini shi a can ba."

Allah ya yafe mana abin da muka ɗauka ba da izini ba, ya mai da kowace ƙafa inda ake jiranta.